Man Shanun Saniyar Inna

New York

Adda Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da yara da mutanen Wunti baki ɗaya.

Jikin Baba sai addu'a. Likita ya ce ba zai yi masa aikin ba sai ya yi ƙarfi, shi kuwa tun da muka sauka ya ƙi abinci. In na kawo nama sai ya ce, "Wa ya yanka?" Na sayo na halal a shagon Larabawa, ya ce inji ne ya yanka. Shayi kawai yake sha, har zobensa ya fara zamewa daga yatsa.

An nuna mini gidan abincin wasu Yahudawa 'yan Uzbekistan. Kosha suke kiran abincinsu: mutum ne ke yanka da wuƙa, a tsiyaye jinin tas. Baba ya ce yankan ma'abota littafi ya halatta, zai gwada. Lahadi za mu je. A taya mu da addu'a.

Ƙaninki,
Hafizu

*

Wunti, Bauchi

Hafizu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaida kakansu.

Kai dai boko ya cinye maka kai! A gidan nan ka girma amma ba ka san Baba ba? Zancen yanka duk kwana-kwana ne. Tun rasuwar Inna bai kai loma baki ba sai da man shanun saniyarta da ke Miri. Na cusa masa kwalba guda a jaka, cikin safa. Ka ciro ta, ka sa masa a aljihu duk inda za ku ci, sai ka ga aiki.

Allah ya ba shi lafiya.

Addarka,
Kubura

*

Adda,

Bayan gaisuwa, mun je. Da ma ba mu je ba.

Da farko komai lafiya. Tsohon mai wurin ya tarbi Baba da kansa, ya ja masa kujera. Aka kawo gurasa da zafinta daga tanderu, da tsire, da dafa-dukar shinkafa mai karas da naman rago. Baba ya shaƙi ƙamshin, ya yi murmushi, ya yi bisimilla. Sai ya ciro kwalbar ya tsiyaya man a kan naman, ya juya da cokalinsu.

Matar da ke kawo abinci ta ƙwala ihu. Tsohon ya rugo ya fizge farantin, lomar Baba tana hanyar baki. Ashe a addininsu nama ba ya haɗuwa da duk abin da ya fito daga nono, ko a faranti ɗaya. Ni ban sani ba, wallahi. Duk mutanen wurin suka zuba mana ido.

A mota Baba ya ce, "Hafizu, man uwarku ne ƙazanta?" Na yi bayani har na gaji. Yanzu ko shayin ya daina sha. An kwantar da shi, an sa masa ruwa. Ina jin tsoro, Adda.

Hafizu

*

Hafizu,

Ina gaida ka. Na karanta takardarka a bakin keken ɗinki, na kasa taka shi har yamma.

A ƙwace wa dattijo abinci a baki? Na yi ta faɗa ni kaɗai, daga baya na tuna ni ce na ce a sa kwalbar a aljihu. Su addininsu suka kare. Ni kuwa da bakina na kai ubana inda aka kunyata shi.

Na je Miri na karɓo sabon mai, maƙwabciyarmu Hajiya Zakiyya da za ta zo New York za ta taho muku da shi. Ka dafa masa shinkafa da hannunka, ko da ta caɓe. Ka ce masa Kubura ta ce don Allah ya ci.

Addarka

*

Adda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kin ji ta waya, amma akwai abin da ban iya faɗa miki da baki ba.

Na koma wurin tsohon nan na gaya masa halin da Baba ke ciki. Ranar Talata sai ga shi a asibiti da shinkafa ba nama, a robar da ake yarwa, ya ce Baba ya zuba mansa yadda yake so. Bai san ya iso an riga an ja wa Baba mayafi ba.

Na zauna a baranda na zuba man na ci, tsohon yana tsaye kusa da ni yana kuka.

Ki ce wa Hajiya Zakiyya ta bar kwalbar a gida.

Ƙaninki,
Hafizu