Romon Goggo Sau, Harshen Khue

Litinin, 6 ga Maris

Yau wata biyu ke nan ba na jin ƙanshi, ba na jin ɗanɗano. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ni kafin bikin sabuwar shekara. Likita ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Na ce masa wannan ai ko ni na sani.

Ban faɗa wa kowa ba. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da taliyar shinkafa da romon kifi a wannan lungun na Quy Nhon, duk unguwa an san romon Goggo Sau, wato ni. Yanzu in na kai ludayi baki, ruwan zafi kawai. Hannu ne ke aikin da ka: gishiri kaza, sukari kaza, abarba ɗaya, tsumammen ruwan kifi ludayi biyu. Amma kifin yau ba irin na jiya ba ne, abarba ma haka. Harshe ne ke daidaitawa.

Alhamis, 9 ga Maris

Khue, matar ɗana Vinh, ta zo da wata magana. Akwai wata Diem da ke zagawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido cikin gari suna ɗanɗana abinci, wuri biyar a safiya ɗaya. Tana neman mai romon kifi. Wai za ta zo Talata ta gwada namu.

Na ce ba na so. Khue ta ce, "Mama, duba kujerun nan." Na duba. Goma sha biyu ne, uku ke da mutane. Tun da aka tashi gidajen masunta aka mai da su bayan gada, masu cin romona suka bi su. Shi kuwa Vinh yana teku, sai ya yi wata ba mu gan shi ba.

Khue 'yar Hai Phong ce, can arewacin ƙasar nan. Shekara huɗu tana gidan nan tana wanke kwanoni, tana yanka ganye, ban taɓa barin ta taɓa tukunyata ba. Mutanen da ke cin romo ba sukari, me suka sani?

Asabar, 11 ga Maris

Yaya Dam ya bar rabin kwano. Tsohon mai ɗinkin komar masunta ne, shekara ashirin yana karyawa a wurina, har kwanon yake ɗagawa ya shanye. Ya ce, "Sau, yau teku kika dafa mana gaba ɗaya?" Na ce haƙoransa ne suka ƙare, harshen ma ya bi su. Ya yi dariya, ya sha shayi kofi uku.

Talata, 14 ga Maris

Diem ta zo a babur, yarinya mai fara'a. Ta gaishe ni hannu biyu, ta ci loma huɗu, ta ce kifin da muke dakawa mu soya ya yi laushi. Ba ta ce komai a kan romon ba. Ta nemi ruwan rake daga maƙwabta, ta shanye a tsaye. "Goggo, zan kira ku."

Na san irin wannan kiran.

Ina jin na zuba gishiri sau biyu. Ban tabbata ba. Abin da ke cin raina ke nan, ban tabbata ba.

Laraba, 15 ga Maris

Na kama Khue tana ƙara ruwan zafi a tukunya ta bayan idona. Na ƙwace butar. Mun wuni kamar baƙi a mota ɗaya.

Lahadi, 19 ga Maris

Ko ba daɗi, zan rubuta.

Na sayo kifi da sassafe wurin wani sabon mutum, don matar da na saba saye a wurinta ba ta fito ba. Na duba idanun, na latsa jikin, ban ga komai ba, gari bai gama wayewa ba. Na kawo gida na fara fiɗa. Khue ta sauko daga bene, tana isa ƙofar kicin ta tsaya. Sai ta zo ta ɗauke bokitin gaba ɗaya ta fita da shi ta juye a kwandon shara.

Na yi mata ihu a gaban mutanen lungu. Na ce mata abubuwa. Na ambaci garinsu, na ambaci uwarta. Ba zan rubuta su a nan ba.

Yaya Dam yana zaune yana jiran a buɗe. Ya tashi da sandarsa ya leƙa kwandon, ya ja da baya yana toshe hanci. Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa. "Sau, ba ki ji ba?"

Khue ta ce a hankali, "Ba ta ji, Kawu. Tun kafin biki." Sannan ta juyo gare ni. "Ranar da shinkafa ta ƙone kina zaune kusa da ita na gane. Na yi ta jira ki faɗa min da kanki."

Akwai yara 'yan makaranta da ke cin romon nan kowace safiya. Wannan nake ta tunani.

Na rufe shagon.

Talata, 21 ga Maris

A rufe. Na kunna wa marigayi mijina turare a gaban hotonsa, ina ganin hayaƙin, ba na jin komai.

Laraba, 22 ga Maris

Khue ta kawo min kunun shinkafa ɗaki, ta ajiye, ba ta fita ba. Ta zauna a bakin gado tana wasa da zobenta. Na ce ko Vinh ya sani? Ta ce a'a, wannan maganata ce, ni zan faɗa masa.

Ta ce, "Mama, idonki na nan, kunnenki na nan, hannunki na nan. Harshe kawai ya tafi. Ni kuma harshe kawai gare ni."

Na ce harshen arewa.

Ta ce, "Shi ne dai a gidan."

Ban ba ta haƙuri a kan maganar uwarta ba. Na ce ta tashe ni ƙarfe huɗu.

Juma'a, 24 ga Maris

Mun buɗe. Ni na wanke ƙasusuwan kifin, na gasa albasa, na nuna mata yadda ake kwashe kumfa, da yadda ba a barin romo ya tafasa da hauka, sai dai ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan. Ita ke ɗanɗanawa. Matsalar ita ce ba ta san inda za mu ba. In na ce yaya, sai ta ce, "Ya yi." Ya yi me? Gishirin yana gaba ne ko yana baya? Zaƙin yana zuwa da farko ko sai an haɗiye? Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa romo irin wannan tambayar ba.

Da zan zuba sukari ta riƙe min hannu. "Duk wannan? Mama, romo ne ko alewa?" Na ce ta cika ni, a nan ba Hai Phong ba ne.

Muka ɗauko alƙali. Yaya Dam ya zauna ya ɗaga cokali kamar wani babban ma'aikaci, ya rufe ido. Ya ce, "Wannan ƙanwar romonki ce. Da kama, amma ba ita ba." Na ce me ya rage? Ya ce shi ci ya iya, ba dafawa ba.

Litinin, 27 ga Maris

Ƙanwa har yanzu.

Alhamis, 30 ga Maris

Yau Khue ta ɗanɗana ta ce, "Tsamin ya riga kifin isowa." Na tsaya da ludayi a hannu. Haka nake faɗa wa kaina shekara da shekaru, ban taɓa faɗa a fili ba. Abarbar ɗanya ce. Muka cire rabi, muka ƙara kan kifi ɗaya.

Yaya Dam ya ɗaga kwano ya shanye. Ya ce kada mu yi murna, yunwa ce kawai.

Da rana ta sayo mana kofi da madara mai ƙanƙara. Ni sanyin kawai nake ji, amma na sha. Ta ba ni labarin uwarta, ashe ita ma ta sayar da taliya da ƙaguwa a bakin tashar jirgin ruwa har ƙafafunta suka gaza. Shekara huɗu ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Abin da na faɗa ranar nan..." Ta ce, "Sha kofinki, Mama, ƙanƙarar na narkewa."

Asabar, 1 ga Afrilu

Vinh ya kira daga teku, layin na yankewa. Na faɗa masa. Ya ce shi ya sa romon da na zuba masa ranar tafiya, abokansa suka ce a ajiye a jiƙa kifi da shi don tsabar gishiri. Ɗan banza.

Talata, 4 ga Afrilu

Khue ta je ta samu Diem da kanta, ban aike ta ba. Diem ta ce ta riga ta yi magana da wani shago a bakin titi, mai fanka da tebura dogaye. Khue ta ce ta zo dai ta ci kwano ɗaya, ba don aiki ba. Ban san me kuma ta faɗa mata ba. Na tambaya, ta ce, "Gaskiya." Raina ya ɓaci. Yanzu duk gari zai ji Goggo Sau ba ta jin abin da take dafawa.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Diem ta zo. Ta cinye, ta nemi ƙarin romo. Ta ce Talata da Asabar, mutum takwas zuwa goma, ƙarfe bakwai da rabi. Shagon bakin titi sai sauran ranakun. Ta roƙi a rage barkono a ajiye shi gefe. Na ce wanda ba ya cin barkono me ya kawo shi Quy Nhon? Khue ta taka min ƙafa.

Talata, 11 ga Afrilu

Baƙin farko. Mutum tara: wasu mata uku daga Hanoi, miji da mata 'yan Koriya, sauran Turawa. Wani dogo ya zauna a 'yar kujerar roba, gwiwoyinsa sun kusa kai kunnuwansa. Sai da suka ɗauki hoton kwanon ta kowane gefe, romo na hucewa ina kallo. Na kasa haƙuri, na je na matsa wa matar Koriyar lemon tsami, na yayyaga mata ganye, na nuna mata da hannu: ci yanzu. Ta ci, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba ba ta ƙara taɓa wayar ba.

Dogon ya ɗebi barkono cokali guda don ya ga Yaya Dam ya yi haka. Hawaye, majina, ruwan rake kofi biyu. Yaya Dam ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ni shekara saba'in na yi ina koyo." Diem ta fassara, aka yi ta dariya.

Ɗaya daga cikin matan Hanoi ta tambaya wa ya dafa. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Mu biyu." Khue tana tsugune tana wanke kwanoni, ba ta juyo ba, amma na ga kunnuwanta sun yi ja.

Asabar, 22 ga Afrilu

Maganar ta zaga gari kamar yadda na ji tsoro. Mai sayar min da kifi ta ce ta ji. Na shirya faɗa, sai kawai ta ce daga yau ita za ta riƙa zaɓar min da hannunta, in ba ta fito ba 'yarta za ta kawo har gida. Shi ke nan. Wata uku ina ɓoye abin da bai ɗauki minti ɗaya ba.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Hutu, gari ya cika. Romo ya ƙare kafin tara. Mun aro kujeru shida a wurin mai ruwan rake, ita ma ta sayar da raken da ta tanada na kwana biyu. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Alhamis, 18 ga Mayu

Shekaranjiya ina yanka lemon tsami sai wani abu ya taɓa min hanci, siriri, kamar daga nesa. Na ɗauka tunani ne. Jiya tafarnuwa a mai. Na tsaya a kicin kamar wawiya ina shaƙa.

Yau da Khue ta fita karɓo taliya, na ɗebi romon na kai baki. Ba duka nake ji ba, kamar rabi. Amma ya isa in gane ba nawa ba ne. Sukarin bai kai nawa ba, ashe tana ragewa in na juya baya. Kuma akwai wani ganye a can ƙasa, irin na mutanen arewa, ɗan kaɗan, wanda ban taɓa sa wa tukunyata ba. Yaya Dam kuwa, munafuki, kullum sai ya shanye ya ce daidai yake da na da.

Na ɗauko gwangwanin sukari. Na daɗe riƙe da shi. Na sake ɗanɗanawa.

Ba laifi. Kifin ya fi fitowa, in za a faɗi gaskiya, kuma nan ne kawai zan faɗe ta.

Na mai da gwangwanin wurinsa kafin in ji ƙarar babur ɗinta. Ta shigo, ta ɗauki ludayi, ta ɗanɗana, ta ce, "Mama, gishiri kaɗan." Na zuba.

Gobe zan faɗa mata harshena ya fara dawowa. Ko dai bayan baƙin Asabar. Ba sauri ake ba.