Buzun Malam a Bakin Ƙwarya

Daga Yendi

Ƙanena Isa,

Kada ka goyi bayan ɗana Sani in ya iso Bawku. Bayan gaisuwa, yaya jikinka, yaya iyali da kasuwa?

Sani yana haɗa garaya, ya rasa fata. Sai ya ɗauki buzun sallar marigayi mahaifinsa, ya jiƙa, ya kankare gashin, ya ɗaure a bakin ƙwarya. Da na tsare shi ya ce, "Inna, ai tsohuwar fata ta fi zaƙin murya." Fatar da gwiwoyin Malam suka cinye wajen sujada!

Ka sa shi a addu'a, ka gai da Hajara. Na kafa doka: tsirkiya ba ta ƙara kwana a gidan nan, shi kuma ba ya shigowa sai ya kwance fatar da hannunsa.