Magatakardanku da Sunan da Turawa Suka Raɗa wa Irinsa

Zuwa ga Shugaban Ofishin Kula da Masu Koyon Aiki, Landan.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Shekara huɗu ke nan rabona da Gusau. An turo ni koyon gyaran inji, na gama tun bara, yanzu ina ɗaura ƙofofin mota a Dagenham don in ci abinci.

Na ɗaya: fasfona yana ofishinku. Surukina ya aiko cewa idan Babbar Sallah ta wuce ban dawo ba, zai kai maganar aurena da Hajara gaban alƙali. Ban ga laifinsa ba.

Na biyu: duk zuwan da na yi, magatakardanku yakan ce makullin durowar da fasfon yake ciki yana hannunsa, amma ikon buɗewa yana Legas, kuma ba zai sa aikinsa a haɗari don ni ba. A yi masa adalci, bai taɓa neman na goro ba, har shayi yake ba ni. Ana ta labarin kuɗin mai sun yi yawa a gida, ni kuwa sa hannu ɗaya ya gagare ni.

Na uku, wanda har yau yake ba ni mamaki. Na kai kukana ga fomanmu, wani tsohon Bature mai tari. Yana juya shayinsa, ko kai bai ɗaga ba, ya ce ai wannan "jobsworth" ne, wato mutumin da kullum amsarsa ita ce taimakonka bai kai darajar kujerarsa ba. Ya ƙara da cewa irinsu, in kana nutsewa a kogi, za su nuna maka allon da ya hana wanka, cikin ladabi. Na yi dariya har hawaye. Ni da na shirya zagin uwa da uba! Su kuwa kalma ɗaya tak, ba ashar, ba ɗaga murya, sun auna mutum sun ɗinka masa riga daidai wuyansa. Sanyinsu ya ishe ni, amma a nan na sara musu.

Roƙona: a buɗe durowar kafin Sallah, kuma kada a hukunta magatakarda, a dai ba shi iko. Allah ya ƙara girma, ya tsare ka daga wannan suna.

Abin da na tara a ƙasar nan: kwat ɗaya, keken ɗinki na Hajara, da kalmar nan.

Wassalam.

Naka,
Makaniken da ke jira a Plumstead.