Fararen Farantai a Baranda

Zuwa ga Baba, Malam Habu Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai tsawo, irin wadda kake cewa yaran Faransa sun guntule mata wutsiya. Ina gajiya, ina kwanciya, ina sanyin wurin da kake? Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ni za ka miƙo wa in karanta maka, tunda idonka ya ƙare a kafar allura. Amma ina da maganar da ba ni da wanda zan kai wa, kuma kai ta shafa.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Shagonka na unguwar Belleville a Paris yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki. Kekenka na ɗinki yana wurina a Villeurbanne, nan gefen birnin Lyon, na ɗora masa tukunyar fure, ka yafe mini. Alhaji Mahamat, abokinka ɗan Chadi, gwiwa ta hana shi matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma bakinsa na nan daram. Kana da jika, Zainabu. Hausarta ta ba da dariya ce, da ka ji ta da ka ce a kai ta Damagaram a wanke mata harshe. Labarin Inna zan zo gare shi, ka bari in tara ƙarfi tukuna.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ofishin magajin gari ya sanar da ni cewa shekarun da aka kama wa kabarinka sun kusa cika. Ka san ƙasar nan, har kabari haya ne. Ko dai in sabunta, ko in ɗauke ka. In na yi shiru, su za su tone ka su haɗa ƙasusuwanka da na waɗanda ba su da kowa. Kai kuma ka san alkawarin da ka ɗora mini a asibiti, kana riƙe da gefen mayafina: a kai ka Damagaram, a sa ka kusa da mahaifinka. Tun ina ƙarama kake zuba wa asusun 'yan gida na kai gawa, ko watan da ciniki ya mutu ba ka tsallake ba. Duk abin da mutum zai iya shiryawa ka shirya.

Sai ka rasu a makon da wani dutse can arewa mai nisa ya yi aman wuta. Ba ka taɓa jin sunansa ba, ni ma ban taɓa ba, ko da yake karatun yanayi nake yi a lokacin, wanda kake kira karatun gajimare. Aka ce tokarsa ta bi iska ta rufe sararin Turai, in ta shiga injin jirgi tana kashe shi. Aka tsayar da jirage duka. An yi maka wanka, an sa ka a likkafani, takardu sun kammala, akwatin tafiya ya iso, sai hanya ta rufe.

Baba, ka san yadda sama take a kwanakin nan? Shuɗiya tas. Tunda na zo Paris ban taɓa ganin ta da kyau haka ba, ko zanen hayaƙin jirgi ɗaya babu. Rediyo yana cewa toka, toka, mu kuma muna ɗaga kai ba mu ga komai ba.

Mutane suka cika ɗakinka, suna zuwa kullum, ba wanda ya san abin da za a kira zaman. Makoki ne? Ai ba a binne ka ba. A fara ƙirga kwanakin sadaka ne, ko a jira? Malamai biyu suka yi ta gardama a kan haka, matan unguwa kuwa ba su jira fatawa ba, suka ci gaba da dafa shinkafa, don mai zuwa gaisuwa ba ya komawa da yunwa. Kowace ta kawo farantanta, manyan fararen nan masu bakin shuɗi da ake zuwa da su daga gida. Ɗakin ya yi mana kaɗan, saboda haka in an wanke su sai a jera a baranda, su wuni a can su kwana a can. Ni ce nake shigo da su da safe. Nakan shafa yatsa a kai don in ga ko sai an ɗauraye. Ba a taɓa ɗauraye ko ɗaya ba, fes suke.

Kai kuma kana ɗakin sanyi na asibiti, cikin aljihun ƙarfe, da lamba a ƙafarka. Kai da ko a watan bakwai sai ka sa safa.

Da kwanaki suka yi yawa, Alhaji Mahamat ya zo ya durƙusa a gabana, dattijon da a shekaru ya haife ni. Ya ce gawa ba ta jira, ya ce ana zaluntar ka, kuma ba wanda ya san ko mako za a yi ko watanni kafin a buɗe sama. Na kira Inna a waya can Damagaram. Ta ce in bi abin da malamai suka ce. Na sa hannu. Maza suka tafi da kai maƙabartar da ke ƙarshen layin jirgin ƙasa, ɓangaren Musulmi, aka binne ka cikin akwatin katako don dokar ƙasar ba ta yarda ƙasa ta taɓa mutum ba. Ba mu kai ga sadakar uku ba na ji ƙarar jirgi a saman Belleville. Matan suka yi kamar ba su ji ba, wata ta ƙara murya a kan maganar gishirin miya. Har yau ina gode mata.

Kana mamakin aikin da nake yi yanzu? Kada ka yi dariya. Toka nake tarawa, ko in ce labarin toka. Duk inda dutse ya yi aman wuta, a tsibirai masu nisa ko a wata nahiya, masu hasashe suna zana inda tokar za ta bi da yawan da za ta zuba. Na'urorinsu suna gani daga sama, amma ba su san abin da ya sauka a rufin mutane ba sai an faɗa musu. To, mu ne muke roƙon mutane su faɗa. Manomi, malamar makaranta, mai kanti, kowa da wayarsa. Muna cewa ku ajiye wani abu mai faɗi a waje, ku duba shi, ku ɗauki hoto kafin a share, ku faɗa mana ƙarfe nawa ne kuma kaurin ya kai na takarda ko na yatsa. Ina zaune a ofis a Villeurbanne ina ɗora saƙonnin a kan taswira, masu hasashe suna gyara zanensu da su.

Ranar da na fara, shugabarmu ta ce za ta nuna mini na'urar da ta fi kowace amfani a aikin. Ta buɗe kabad ta ajiye farin faranti a kan tebur. Na ce mata ina zuwa. Na shiga banɗaki na daɗe a ciki.

Abin da ya fi wuya a aikin nan, Baba, shi ne mutane ba sa magana sai abu ya sauka. Wanda toka ta binne wa mota zai aiko hoto goma. Wanda ya leƙa ya ga farantinsa fes, sai ya ce me zai faɗa, ya koma ciki. Alhali nasa ne ya fi tsada, don da shi ake sanin inda tokar ta tsaya. In babu shi, mai hasashe makaho ne, kuma makaho dole ya faɗaɗa zanensa don kada ya kashe mutane. Abokan aikina suna tsokanata, suna ce mini matar da ke farin ciki da farantin banza. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Kada ka ce na zama mai neman wanda zan ɗora wa laifi. Na yi karatun, na sani: toka tana iya ratayewa can sama inda jirgi ke bi, ba tare da ƙwaya ɗaya ta faɗo ƙasa ba. Waɗanda suka rufe sama sun yi daidai da abin da suka sani. Farantan makokinka ba lallai su buɗe maka hanya ba. Amma ba lallai ba ne kawai zan iya cewa. Gari guda, ƙasa guda, kowa da tagarsa da barandarsa, ba wanda aka tambaya. Da an tambaya fa? Da zanen ya tsuke ko da kaɗan, da kwana ɗaya ya ragu? Kwana ɗaya ko biyu ai su ne tsakaninka da Damagaram. Wannan tambayar ce nake zuwa aiki da ita, ita nake komowa da ita.

Yanzu Inna. Ba ta taɓa ganin kabarinka ba, takardar shiga ƙasar ta gagara. Da sanarwar nan ta zo, na kira ta don ta raba ni da nauyin, ta ce a kawo ka ko a bar ka. Baba, Inna ta rikice. Jiki lafiya, tana cin abinci, amma kanta ya koma wancan makon ya zauna. Ƙanwarta da ke kula da ita ta ce duk sanda jirgi ya wuce saman gari, sai Inna ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share zaure, ta sa a shimfiɗa tabarmi, wai ga Malam nan an kawo. Da na yi mata maganar kabari, tambayata ta yi ko an buɗe sama. Na ce an buɗe. Ta ce to madalla, kada in bari ka sha sanyi.

Saboda haka ni kaɗai ce kuma, kamar wancan karon.

Malamin da na tambaya ya ce ba a tone mamaci sai da larura, kuma duk ƙasa ta Allah ce. Zan iya fakewa da wannan, kowa zai ce na kyauta. Amma kai ba zan yi maka ƙarya ba. Na je ofishin jiya, na sabunta. Kana nan inda kake. Kuma ba don fatawa na yi ba.

Ina jin haushinka, Baba, ban taɓa faɗa ba. Kai ka kawo ni ƙasar nan, ka ce in yi karatu, in zauna, in zama wani abu. Sannan ka shirya wa kanka hanyar komawa, ba ka tambayi wa za ka bar mini ba. Na yi aure a nan, na haihu a nan, kuma na san a nan za a binne ni, cikin akwati irin naka. A duk faɗin ƙasar nan, wuri ɗaya ne nake da shi da zan tsaya in ce nawa yana ciki. Nakan hau jirgin ƙasa daga Lyon da Zainabu, mu cire maka ciyawa, ta gaishe ka da karkatacciyar Hausarta. In na sa ka a jirgi, ina za mu je? Wancan karon toka ce ta hana ka tafiya. Wannan karon ni ce, da idona biyu, sama kuma a buɗe.

Ban sani ba ko za ka yafe. Ina roƙon Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ƙasar baƙi ta yi maka taushi, ya ba Inna sauƙi ko ya ɗauke mata jiran.

Ɗaya daga cikin farantan nan ba a zo an karɓa ba, mai shi ta koma gida tuni. Yana barandata. Babu dutsen da ke aman wuta kusa da mu, ba wanda ya nemi rahoton Lyon, amma kowace safiya ina fita in shafa yatsa a kai. Yau ma na shafa. Babu abin da ya sauka, Baba, hanya a buɗe take, ni ce ban sake ka ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai karatun gajimare,
Rakiya