Bakwai Ta Isa, In Ji Sanusi

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidan da yara, ya zafin Agadas? Mu a Maraɗi lafiya lau.

Ɗanki Sanusi zai maimaita aji, kuma da hannuna a ciki. Ya lissafa mini cewa yana da maki sha shida bisa ashirin a ayyukan aji, jarrabawar ƙarshe kuwa sau biyu ake ƙirga ta, saboda haka bakwai ko fiye za ta kai matsakaicin makinsa goma, makin wucewa. Na yarda, na ɗauke shi daga karatu zuwa ban-ruwan albasa a Jiratawa. Da malamai suka dawo daga yajin aiki, sai aka soke makin baya, jarrabawa kaɗai aka duba. Takwas ya ci, Yaya.

A gaida kowa. Ki sa shi a addu'a. Tun ranar bai ƙara nuna mini lissafi ba.

Ƙaninki,
Hamisu