Kwana Goman da Suka Hana Ni Bikin Afra

Nürnberg, 1584

Ƙanena Lienhart,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya yara? Ni lafiya lau, saƙa tana tafiya, gyambon ƙafata ma ya kusa kamewa.

Ka rubuto cewa ran ashirin ga Mayu za a ɗaura auren 'yata Afra da ke hannunka. Ka sani sarai Paparoma ya yanke muku kwana goma a kalanda, mu mutanen Nürnberg kuwa mun ƙi bin sa. Kalma ɗaya ta isa ka faɗi lissafin da kake nufi, amma tawada ta yi maka tsada. Kwana shida ina taka ƙasa, na iso ran ashirin ɗinmu, wato talatin ɗinku, ka tare ni a ƙofa kana sakace haƙori: "Yaya, ai har an wanke tukwane, amarya tana garin mijinta."

Yanzu na ji ka ce mata ƙin zuwa na yi. Allah ya raya maka zuriya, amma ka je ka gaya mata gaskiya. In ba haka ba ina nan tafe, kuma wannan karon ba zan faɗa maka rana ba.

Yayanka,
Kaspar