A Raba wa Ƙananan Ɗalibai Akushinsu

Zuwa ga Babban Malamin makarantar kwana ta birni,

Gaisuwa mai yawa. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, shi da malamansa da iyalinsa. Ni ce Tabawa ta Ɗanzomo, kakar Sa'idu, yaron da hakimi ya aiko muku daga ƙasar Gumel bara bayan girbi. Maigida nake ce masa, saboda haka matar ɗalibi ce ta kawo ƙara. Allona bai yi nisa ba, a yi haƙuri da ajamin, amma a karanta da ƙarfi, masu tuƙa tuwo su ji, iyayen yara ma su ji.

A watan azumin tsofaffi kuka dawo mini da shi, wai malalaci ne, barci yake a aji, in bai daina ba kada ya koma. Na ba ku miji mai kumatu, kuka maido mini sillen kara. Gefen bakinsa ya tsattsage, da dare ba ya runtsawa, da rana yana gyangyaɗi a tsaye kamar jakin fatake. Magariba na yi sai lalube. Ya yi karo da turmi, ya durƙusa ya gai da rumbu yana zaton kawunsa ne. Gari ya ɗauka farar takardar boko ta shanye masa ido. Ubansa ya ce an gama karatu, har ya sa masa ƙota a fartanya. Ni ma na sha kukana a bayan zana.

To alhamdu lillahi, ba takarda ba ce, ba kuma iskoki ba. Dundumi ne, irin na yunwa.

Ranar wani suna aka zaunar da shi akushi ɗaya da kawunnansa, ina leƙe. Ya yi 'yan lomomi a gefensa, ko kallon nama bai yi ba, ya tsame hannu ya yi godiya. Haka muke tarbiyya a nan: yaro ba ya taɓa nama sai babba ya miƙa masa, ba ya kuma daɗewa a kwanon manya. A gida ba illa, kawu zai miƙo tsoka, kaka ta ɓoye fura. Da na titsiye shi, ashe a wurinku akushinsa ɗaya da manyan ɗalibai, ƙarti masu gemu, waɗanda ba kawun kowa ba ne. Yana ladabi, suna lashe akushi. Ya kwanta ciki na ƙugi, ina barci zai zo?

Na gasa masa hanta, na bi shi da nono da kwaɗon zogale. Kafin ruwan shuka ya sauka, shi ke zura mini zare a allura da almuru, minsharinsa kuwa har awaki sun yi ƙaura daga jikin ɗakin.

Ga roƙona.

Na ɗaya, a janye sunan malalaci. Bulalar da ya sha na yafe, sunan ne ban yafe ba.

Na biyu, shi ne babba: a raba akushi, tsara da tsara. Kada a ce in koya masa wawaso. Ba zan rushe abin da na gina ba don ƙattin makaranta su ƙoshi.

Na uku, miya. Sa'idu ya ce in ya leƙa yana ganin fuskarsa a ciki. Gyaɗar da ake ta lodawa a jirgin ƙasa, a rage wa tukunyarku kaɗan, a haɗa da wake da ganye.

Na huɗu, Malam ya tsaya bakin masallaci da magariba, ya ga yara nawa ke dafa bango. Nawa yaron yana da kaka mai baki, wasu ba su da ita.

Da ƙyar na shawo kan ubansa. Ya yarda Sa'idu ya biyo fatake bayan sallar layya, amma ya rantse in yaron ya sake dawowa a rame, gona ce makarantarsa har abada. Yaron kuwa karatun yake so, ya cika mini bangon ɗaki da baƙaƙenku na boko da gawayi. Saura ya rage ga Malam.

Allah Ya ja zamanin Malam, Ya sa albarka a tukunyarsa, Ya ba shi ɗalibai masu barcin dare da idon rana.

Wassalam.

Tabawa, kakar Sa'idu, Ɗanzomo.